Zan bi maigidana Ingila, kayan ɗakina sun hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 29, 'ya'yana biyu. Maigidana ma'aikacin jinya ne, shekara ɗaya da rabi ke nan yana aiki a Mancesta. Yanzu bizarmu ta fito ni da yara, saura sati goma mu tashi, amma maimakon murna na rasa sukuni saboda kayan ɗakina. Lokacin bikina, shekara huɗu da suka wuce, gonarsa Baba ya sayar ya yi mini gado da kujeru da durowa da kayan kicin, ya ce ba zai bari a raina ni a gidan miji ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Maigidana ya ce in sayar da komai, a haɗa kuɗin a sayi tikiti, in zo da akwatunan tufafi kawai. Hajiyarsa kuma ta ce tunda ƙanwarsa za ta yi aure bayan salla, in bar mata kayan, ai duk gida ɗaya ne. Ummata ta ce sayar da kayan ɗaki abin kunya ne, a kulle su a ɗaki har in dawo. Ni kuwa so nake in tafi da abina. Wani ejan ya ce zai kai mini su har ƙofar gida da araha, kuma ba sai na cike wata takarda ba. Da na gaya wa maigidana sai ya yi dariya, muka yi kwana uku ba mu yi waya ba. Anti, ni ce na cika son abin duniya, ko su ne ba su fahimce ni ba?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa gonar da ya sayar dominki ta zama sanadin samun wadda ta fi ta a Aljanna.

Ba son abin duniya ke damunki ba. Mace mai son abin duniya da aka ce mata ga Ingila, ko waiwayar tsohon gado ba za ta yi ba. Ke abin da kike gani idan kin kalli gadon nan shi ne mutumin da ya rabu da gonarsa don kada a raina ki, kuma kina tsoron ki sauka a ƙasar da ba ki san kowa ba, ki shiga gidan da ko cokali ba naki ba ne. Wannan tsoron yana da tushe, kuma dariyar da maigida ya yi ba ta dace ba. Amma zan gaya miki gaskiya tun daga farko don kada ki karanta har ƙarshe kina sa rai: gadon da kujerun da durowar ba za su bi ki ba, kuma bai kamata su bi ki ba. Abin da za mu nema shi ne yadda wahalar Baba za ta ci gaba da zama a hannunki ko da katakon ya tafi wani gidan.

Kafin komai, kayan nan naki ne. A addini da al'ada duka, abin da iyaye suka yi wa 'yarsu na ɗaki mallakarta ne, miji ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa sai da yardarta, balle uwar miji. Ki riƙe wannan a zuciyarki, ba don ki fita da shi faɗa ba, sai don ki daina jin kamar roƙo kike yi. Sai dai ki zauna ki raba tsakanin abin da aka kawo daga gidanku da abin da maigida ya saya da kuɗinsa, kamar talabijin ko injin wuta ko firji idan shi ya saya. Nasa yana da damar cewa a bai wa ƙanwarsa, kuma wannan rabewar kaɗai za ta rage rabin rigimar.

Yanzu mu zo kan abin da kike so, wato tafiya da su. Kayan da suka fito daga Kano sai sun yi tafiyar kilomita kusan dubu a mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, a duba su, a loda, su ratsa teku, a sauke su a wata tashar a Ingila, sannan a sake ɗaukarsu a mota zuwa Mancesta. Kowane mataki da kuɗinsa. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kaya kamar kubik mita 33 (wato awon tsawo da faɗi da tsayi a haɗe), kuma idan kayanki ba su cika ta ba, ana haɗa ki da wasu a riƙa cajin ki gwargwadon wurin da kayanki suka ci, ba gwargwadon darajarsu ba. Kujeru da katifa kuwa cin wuri ne aikinsu. Ki sa a ranki wata biyu zuwa uku kafin ki gan su, wato duk sai kun sayi abin kwanciya da abin zama kafin su iso. Ga shi yawancin kayan ɗakin da ake yi yanzu ba katakon gaske ba ne, garin katako ne da aka matse aka lulluɓe, ba ya son kwancewa da ɗaurawa, kuma ba ya son danshi.

A ce ma sun isa lafiya. Gidajen haya da sabbin zuwa ke samu a birane irin Mancesta, da yawansu tsofaffin gidaje ne masu jere da juna, ƙofa ƙarama, matattakalar bene siririya mai lanƙwasa. Gadon ma'aurata da aka fi amfani da shi a can faɗinsa ƙafa huɗu da rabi ne, naki kuwa ina kyautata zaton ƙafa shida ne da allon kai mai kama da ƙofar fada. Durowa mai ƙofa shida ba za ta hau benen ba. Idan kuma gidan da maigida ya kama da kayansa aka ba shi, mai gidan ba zai kwashe nasa don naki ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ko kyauta ba za ki iya bayar da kujerun cikin sauƙi ba, domin tun 1988 dokar ƙasar ta wajabta wa kujeru masu soso wata shaidar cewa ba sa saurin kama wuta, kuma shagunan ƙungiyoyin agaji ba sa karɓar kujerar da ba ta da wannan alamar. Ƙarshenta ki biya ƙaramar hukuma kuɗi ta zo ta kwashe su zuwa juji. Ki yi tunanin ranar da za ki tsaya a taga kina kallon ana jefa kujerun Baba a motar shara. Dillaliyar Kano ta fi wannan mutunci nesa ba kusa ba.

Shi kuwa ejan ɗin nan, ki rabu da shi. Ba na cewa ɓarawo ne, amma duk wanda ya ce miki kaya za su tsallaka iyakar ƙasa ba takarda, ko dai bai san aikin ba, ko kuma zai cusa naki cikin kayan wani da sunan wani, ranar da aka riƙe kwantenar ba ki da abin da za ki nuna ki ce naki ne. Araha ba ta ado. Hanyar gaskiya ma ba ta da wuya, kuma neman izinin kyauta ne. Hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya, HMRC, tana yafe harajin shigo da kaya da VAT na kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya tattaro ya koma ƙasar da zama, idan ya cike takardar da ake kira ToR1 a shafin intanet na gwamnatinsu, GOV.UK, kafin kayan su taso. Sharuɗɗan su ne kin zauna a wajen ƙasar aƙalla wata 12 a jere, kayan sun kai wata shida a hannunki kina amfani da su, za su shiga cikin wata 12 daga zuwanki, kuma ba za ki sayar ko ki ba da aronsu ba sai sun shekara. Za su nemi hoton fasfonki, shaidar inda kike zaune a nan, shaidar inda za ki zauna a can, da jerin kayan. Idan suka amince sai su ba ki lamba, ita za ki miƙa wa kamfanin da zai ɗauki kayan. Ki lura da abu ɗaya: da sunanki za a nema, ba da sunan maigida ba, domin shi wa'adinsa na wata 12 ya riga ya wuce. Kuma kada ki je kasuwa satin tafiya ki ciko sabbin atamfofi a ledarsu ki ce tsofaffin kayanki ne. Sabon kaya ba ya cikin wannan rangwame, kuma idan suka yi yawa kama da na sayarwa za su yi.

To me za ki ɗauka? A nan nake so ki kashe tunaninki, domin a nan ne za ki tafi da gida. Ki ɗauki abin da ba shi da nauyi amma ba a samunsa a can, ko kuma samunsa sai da tsada: tandar waina, madambaci, muciya, maburgi, faifai, ƙaramin turmi da taɓaryarsa wanda aka wanke ya bushe sarai, tukunyar tuwonki da hannunki ya saba da ita. Ki ɗauki ɗinkakkun atamfofinki da lesuka da mayafai, da zannuwan gadon jerenki ko da sun yi wa gadon can yawa, ai ana naɗewa. Ki roƙi Umma dardumar Baba ko carbinsa ko Alƙur'anin da yake karatu da shi, idan magada sun yarda. Wallahi ranar da sanyi ya rufe ki, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, wannan dardumar za ta yi miki abin da durowa ba za ta yi ba. Ƙananan kayan lantarki irin su na'urar markaɗe za su yi aiki, tunda ƙarfin wutarsu da irin soket ɗinsu mai baki uku duk ɗaya ne da namu, amma na'urar sanyaya ɗaki da babban firji ki bar su. Ku uku ne masu tafiya, kuma jirage da yawa suna bai wa kowane mai kujera jaka biyu masu kilo 23, don haka ki duba abin da tikitinku ya ba ku kafin ki biya kowa kwabo. Abin da ya ragu, kwali huɗu ko biyar, a aika ta jirgin sama a biya da kilo. Ki nemi farashi a rubuce daga kamfani uku masu ofis da rajista, ki tambaye su ƙarara ko kuɗin ya haɗa da fito da kayan a can da kai su gida, da inshora, domin a nan ne ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi: a karɓi kaɗan a Kano, a tatsi mai yawa a can.

Gwal ɗinki da takardunku ba sa shiga kwali ko jakar da ake awo. Takardar aure, takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, takardun makarantarki, da takardar gwajin tarin fuka da kuka yi don biza, duk a jakar hannu. Idan kuɗin da kuke ɗauke da shi ya wuce dala 10,000 sai kin bayyana shi a filin jirginmu, a can kuma daga fam 10,000.

Sai abinci, inda 'yan uwa za su cika ki da tsaraba. Nama da nono da duk abin da aka yi da su haramun ne a shiga da su Birtaniya daga Najeriya, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a ci su a gida a yi bankwana. Busasshen kifi an yarda har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kilo biyu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, a daka su, a ƙulle da kyau, a rubuta sunan kowanne a jiki, sannan ki sake duba shafin gwamnatinsu satin tafiya domin dokar abinci takan canza. Jaka ko takalmin fatar kada ko ta mesa sai da izini na musamman, ki bar su. Gawayin turare mai kama wuta da kansa ba ya hawa jirgi, humra kuma a jakar awo, ba ta hannu ba. (Idan kin isa, ki yi hankali da turaren wuta: kowane gidan haya yana da na'urar da ke ihu idan ta ji hayaƙi, kuma maƙwabta ba su san kina gyaran ɗaki ba ne.) Babban gargaɗina kuwa shi ne saƙo. Za a zo miki da ƙulli a ce ki kai wa wane. Duk abin da ba ki buɗe kin gani da idonki ba, kada ya shiga kayanki, ko da daga hannun wanda kike jin nauyinsa ya fito, musamman magunguna. Jami'an NDLEA suna bincike a nan, na can ma suna yi, kuma mai jaka ake kamawa, ba mai saƙo ba.

Mu dawo gida, wurin manyan kayan. Shawarar Umma ta fito ne daga zuciyar da ba ta gama takaba a cikinta ba. Kayan nan su ne aikin ƙarshe babba da mijinta ya yi, ga shi 'yarta ma za ta tafi, don haka cewa a kulle su har ki dawo wata hanya ce ta cewa ki dawo. Ki ji wannan a maganarta, ki amsa mata shi. Amma ɗakin da aka kulle damina uku, gara da ɓera da danshi ne ke gadonsa, fatar kujera ta sassaɓe, katifa ta yi wari, kuma yayi ya wuce su. Abin da ke jure ajiya shi ne tangaran da tasoshi da tukwane, waɗannan a jera su a kwali a kai mata. Idan falonta yana buƙatar kujeru, ki kai mata saitin, ta zauna a kan abin da mijinta ya saya. Ba na jin akwai wurin da ya fi wannan dacewa da su, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce kin yi abin kunya.

Gado da durowa da sauran kuma a sayar, amma kuɗin kada ya narke. Ki sa dillalai biyu ko uku su taya, kada ki nuna kina gaggawa, shi ya sa nake so ki fara wannan satin, ba satin tafiya ba. Kayan hannu ba sa daraja kamar sabo, sai dai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin sabbin kaya ya yi tashin gwauron zabo, don haka mai aurar da 'ya zai yi murna da samun naki masu kyau. Wannan faɗuwar nairar ce kuma ta sa ba zan ce ki bar kuɗin a asusu ba. Ki sayi gwal da rasit da sunanki, ko ki sa shi ya zama tubalin farko na sayen fili, ki riƙa ƙarawa idan kin fara samu a can. Baba ƙasa ya sayar ya yi miki ɗaki, idan kuɗin ɗakin ya koma ƙasa da sunanki, ba ki tozarta shi ba.

Hajiya kuma kada ki ɗauke ta a matsayin mai ƙwace. Uwa ce da aure ya taso mata a lokacin da kayan ɗaki suka gagari masu albashi, ta duba ta ga kaya za su zauna ba mai amfani da su. Kuskurenta shi ne ta faɗi abin kamar an gama magana. Kina da hanya biyu masu kyau. Ko dai ki sayar mata da gadon da durowar a farashin gida, ƙasa da abin da dillaliya ta taya, a faɗi kuɗin da lokacin biya a gaban mutum ɗaya daga gidanku da ɗaya daga nasu, ko kuma ki zaɓi abu ɗaya mai kyau ki ba amarya a matsayin gudummawarki, sauran ki ce kin riga kin yi niyya a kansu saboda Baba. Abin da ba na so shi ne a bar maganar a dunƙule, ke kina ganin ajiya kika bayar, su suna ganin kyauta, bayan shekara biyar a zo ana gaba a gidan suna. In kyauta ce ki furta kyauta ki cire rai, in ciniki ne a kira shi ciniki. Kuma ba ke za ki kai wa Hajiya wannan amsa ba. Ɗanta ne zai kira ta ya ce kayan na iyalinsa ne, ga abin da ta ga za ta iya. Daga bakinsa magana ce, daga bakinki rashin kunya za a kira ta.

Wannan ya kawo mu kan maigida, wanda ya yi gaskiya a lissafi ya yi kuskure a lafazi. Ki yi masa adalci: shekara ɗaya da rabi yana aikin dare da rana, ya biya kuɗin biza na mutum uku, ga tikiti, ga kuɗin ajiya na gidan haya da yakan kai hayar sati biyar, ga harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama gida suna jiransa kowane wata. Mutumin da ke cikin wannan, idan aka ce masa kwantena, dariyar da zai yi ta firgici ce. Kwana ukun nan sun isa, ki kira shi yau. Ki ce masa kin haƙura da tafiya da manyan kaya domin kin gane dalilinsa, amma dariyar ta yi miki ciwo saboda ba katako kike kuka a kai ba, Baba kike tunawa. Sannan ki gaya masa abin da kika yanke game da kuɗin. Kawo iyalinsa inda yake nauyinsa ne, ba na kayan ɗakinki ba. Idan kin ga da gaske ya matsu kuma zuciyarki ta ba ki ki taimaka, alheri ne babba, amma ki faɗi adadin, ki faɗi ko rance ne ko kyauta, ki tura masa a rubuce ko da ta WhatsApp ne. Ki kuma roƙe shi abu ɗaya: kada ya gama sayen kayan gidan kafin ki zo. Ya sayi katifa da abin da ya zama dole, labule da kwanuka da shimfiɗar falo ya bari ku zaɓa tare, ko a babban kantin kayan ɗaki na IKEA ko na hannu a Facebook, inda ake samun masu kyau da arha. Kina buƙatar ki shiga gidan ki ga hannunki a cikinsa.

Sati goma sun ishe ki idan ba ki tsaya jiran kowa ya yarda ba. Ki cike takardar ToR1 cikin sati biyun farko, tunda amsarsu takan ɗauki lokaci kuma bai kamata kwalayen su tashi kafin lambar ta fito ba, ki ɗauki hoton abin da ke cikin kowane kwali kafin a rufe, ki ajiye kwafin jerin a wayarki. Amma kafin dillaliya ta taka gidan, kafin ma Hajiya ta ji komai, ki je wurin Umma ke kaɗai da daddare bayan yara sun yi barci, ki tambaye ta wanne daga cikin kayan take so ya zauna a ɗakinta. Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa kanku.